Albashi a Fili ko Tsari a Takarda: Wanne Ya Fi Kare Haƙƙin Mace a Wurin Aiki?

Cikin ƙasa da wata bakwai birnin Washington ya ga abubuwa biyu masu karo da juna a kan haƙƙin mata ma'aikata. Ranar 30 ga Yunin 2024 wata dokar birnin ta fara aiki, wadda ta wajabta wa duk mai neman ma'aikaci ya rubuta mafi ƙarancin albashin da zai biya da mafi yawansa a jikin tallar aikin. Ranar 21 ga Janairun 2025 kuma, kwana ɗaya da rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya soke umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11246, wanda ya yi kusan shekara sittin yana tilasta wa kamfanonin da ke cin kwangilar gwamnatin tarayya su rubuta tsarin da za su bi don ba kowane ma'aikaci dama daidai da ta ɗan'uwansa.

Waɗannan biyun su ne manyan hanyoyin da ƙasashe ke bi idan suna son a daina tauye wa mace ladan guminta. Ta farko ita ce a fito da lissafi fili, kowa ya ga abin da ake biya. Ta biyu ita ce a sa mai kamfani ya zauna ya binciki gidansa, ya gano inda ake cutar mata, ya rubuta abin da zai yi a kai. Kowacce tana da masu goyon baya, kowacce kuma an gwada ta a Washington da kewayenta tsawon shekaru, har ana iya ganin abin da ta haifar. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin akwai 'yan'uwanmu mata daga Najeriya da Nijar da Ghana da ke aikin jinya da koyarwa da kula da tsofaffi a garuruwan Maryland da Virginia, kuma irin wannan ciwo yana nan a makarantunmu da asibitocinmu na gida, ko da ba a cika ambatonsa ba.

Giɓin da ake magana a kai

Lokacin da Shugaba John Kennedy ya sa hannu kan dokar biyan albashi daidai a Yunin 1963, abin da mace mai cikakken aiki ke samu a shekara bai wuce kashi 59 cikin ɗari na abin da namiji ke samu ba. Bayan shekara sittin, Hukumar Ƙidaya ta Amurka ta ce ya kai kashi 84 a 2022, ya sauko zuwa kusan 83 a 2023, ya ƙara saukowa zuwa kusan 81 a 2024. Ga mata baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka giɓin ya fi haka faɗi.

Ya kamata a fahimci abin da wannan lissafi ke aunawa. Yana kwatanta matsakaicin samun dukkan maza da na dukkan mata ne, kowa da irin aikinsa. Don haka cuta iri uku ce ta taru a cikinsa. Akwai matar da ke aiki ɗaya da namiji amma ana ba ta ƙasa da nasa. Akwai taruwar mata a ayyukan da ba a biya da kyau da ƙarancinsu a manyan kujeru. Farfesa Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa namiji da mace masu ilimi ɗaya sukan fara aiki kusan kunnen doki, sai bayan haihuwar fari tazarar ke buɗewa, saboda ayyukan da suka fi tsoka suna son wanda za a kira kowane lokaci ya amsa, dare ko rana. Cuta ta uku kuwa ba a daɗe da fara maganarta ba: matar da ta kai shekara arba'in da biyar zuwa hamsin da biyar, lokacin da ya kamata ta hau kujerar shugabanci, sai wahalhalun ɗaukewar al'ada su sa ta rage aiki, ko ta ƙi karɓar ƙarin girma, ko ta ajiye aikin gaba ɗaya. Duk hanyar da za a yaba, a kan waɗannan ukun za a auna ta.

Hanyar farko: a ga lissafi

Labarin Lilly Ledbetter shi ne babbar hujjar masu wannan ra'ayi. Ta fara aiki a masana'antar taya ta Goodyear da ke Gadsden a jihar Alabama a 1979, ta yi kusan shekara ashirin tana shugabantar ma'aikata. Dab da ritayarta wani ya ajiye mata takarda ba suna, ɗauke da albashinta da na abokan aikinta maza. Ana ba ta dala 3,727 a wata, alhali namijin da ya fi kowa ƙarancin albashi a muƙami irin nata yana karɓar dala 4,286. Ta kai ƙara, ta yi nasara a kotun farko, amma a 2007 Kotun Ƙoli da ke Washington ta yanke da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa ta makara, domin doka ta ba ta kwana 180 ne kacal daga ranar da aka fara yanke mata albashin. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta ƙi yarda, ta karanta ra'ayinta a bainar jama'a, inda ta nuna cewa ma'aikaciya ba ta da hanyar sanin an cuce ta tunda albashi abu ne da ake ɓoyewa. Majalisa ta gyara dokar, kuma ita ce ta farko da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu, ranar 29 ga Janairun 2009. Daga nan kowane albashin da aka biya a tauye yana sabunta wa'adin kai ƙara. Ita Ledbetter ba ta karɓi ko sisi ba har ta rasu a Oktoban 2024.

Dokar 1963 tana nan duk shekarun da ake tauye mata albashi. Abin da ta rasa shi ne sani. Wanda bai san an cuce shi ba, kotu da lauya ba su da amfani a gare shi.

Washington tana da shaida ta biyu, wadda ta fi ta farko girma. Tun 1949 yawancin ma'aikatan ofis na gwamnatin tarayya ke karɓar albashi bisa jadawali ɗaya, wanda a yau yake da mataki 15, kowane mataki da rukuni 10, kuma hukumar OPM mai kula da ma'aikata tana wallafa shi duk shekara. Duk wanda ya san matakin abokin aikinsa ya san abin da yake ɗauka. Hukumar ta bayyana cewa giɓin albashi tsakanin maza da mata a aikin gwamnatin tarayya ya sauko daga kashi 24.5 a 1992 zuwa kashi 5.6 a 2022. Akwai wasu dalilai da suka taimaka, kamar ƙaruwar ilimin mata da raguwar ayyukan akawu da buga takardu inda suka fi yawa a da. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin kashi 5.6 na gwamnati da kashi 16 na ƙasa baki ɗaya a shekara guda abin lura ce. A kasuwar da mudu ke ajiye a gaban kowa, mai son tauye awo yakan ji kunya ko tsoro, a inda aka shige da shi bayan rumfa kuwa sai abin da mai sayarwa ya ga dama.

Wannan darasi ne dokar birnin Washington ta ɗauka zuwa kamfanoni masu zaman kansu. Magajiyar gari Muriel Bowser ta sa mata hannu a Janairun 2024. Ban da rubuta iyakar albashi a talla, ta wajabta a sanar da mai neman aiki ko akwai inshorar lafiya kafin a fara yi masa tambayoyi, ta kuma hana a tambaye shi nawa ake biyansa a tsohon wurinsa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka taɓa yi wa mace ƙwauron albashi a aikinta na farko, kowane sabon kamfani kuma ya gina a kan wancan adadi, zaluncin shekara ɗaya zai bi ta har fansho. Maryland ta hana wannan tambaya tun Oktoban 2020, ta kuma wajabta rubuta albashi a talla daga 1 ga Oktoban 2024. A tsallaken kogin Potomac, majalisar Virginia ta zartar da irin wannan ƙudiri a 2024 amma Gwamna Glenn Youngkin ya hau kujerar na ƙi.

Hanyar tana da nata rauni. Kamfani na iya buɗe tazarar albashin da ya rubuta ta yi faɗin da ba za ta gaya wa kowa komai ba. A Washington babban lauyan birnin ne ke da ikon gurfanar da masu saɓa dokar, don haka ƙarfinta ya dogara ga himmar ofis guda. Binciken da aka yi kan dokar Denmark ta 2006, wadda ta sa kamfanoni fitar da lissafin albashin maza da mata, ya gano cewa giɓin ya ragu, amma galibi ta hanyar rage saurin ƙarin albashin maza. Mafi girman raunin shi ne, talla tana faɗin kuɗin kujera ne, ba ta faɗin wa ake ɗorawa a kai. Asibiti na iya biyan kowace ma'aikaciyar jinya daidai da abokin aikinta namiji, amma duk daraktocinsa maza ne.

Hanya ta biyu: mai gida ya binciki gidansa

Shugaba Lyndon Johnson ne ya fitar da umarni mai lamba 11246 a 1965, aka ƙara batun jinsi a cikinsa a 1967. Kafin a soke shi, duk kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye da kwangilar gwamnati ta dala 50,000 ko fiye, dole ya rubuta tsari kowace shekara. A ciki zai ƙirga mata nawa da 'yan tsiraru nawa ke kowane rukunin aiki, ya kwatanta da yawan ƙwararrun da ke akwai a kasuwa, ya duba yadda yake ɗaukar aiki da ƙarin girma da biyan albashi, ya sa wa kansa buri a inda ya ga naƙasu. Wani ofishi a Ma'aikatar Ƙwadago, OFCCP, shi ne ya riƙa bin sawu. Umarnin ya shafi kusan kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatan Amurka, kuma babu yankin da ya fi kewayen Washington jin nauyinsa, domin a nan manyan 'yan kwangila suke: Lockheed Martin a Bethesda, Northrop Grumman a Falls Church, General Dynamics a Reston, Booz Allen Hamilton a McLean.

Falalar wannan hanya ita ce tana isa inda talla ba ta isa. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai kamfani ne kaɗai ke da takardun da za su nuna cewa mata suna shigowa da yawa amma suna tsayawa a mataki na tsakiya, ko cewa wani sashe bai taɓa ƙara wa mace girma ba. Kuma ba sai ma'aikaciya ta sa aikinta cikin haɗari ta kai ƙara ba, binciken hukuma kan tono abin da kansa. Ta haka ne kamfanin LinkedIn ya amince a 2022 zai biya dala miliyan 1.8 ga mata 686 bayan binciken OFCCP kan albashinsu.

Rauninta biyu ne, kuma dukansu masu nauyi. Na farko, ba a wallafa waɗannan tsare-tsare. Suna zaune a ofishin kula da ma'aikata da na lauyoyin kamfani, matar da aka rubuta su dominta ba ta taɓa ganinsu ba, kuma kamfanoni kaɗan ne bincike ke kaiwa gare su a shekara. Na biyu, tushensu umarnin shugaba ne, majalisa ba ta mayar da shi doka ba. Gwamnatin Trump ta ce irin waɗannan tsare-tsare suna kai wa ga fifita wasu saboda jinsi ko launin fata maimakon cancanta, masu kare su kuma suka ce dokokinsu tun asali sun haramta ware gurabe. Ko wane ne ke da gaskiya, sa hannu ɗaya ya share aikin shekara sittin. Abin lura shi ne, wajibcin rubuta tsari domin naƙasassu da tsofaffin sojoji bai faɗi tare da shi ba, saboda shi majalisa ce ta kafa shi da dokokin 1973 da 1974.

An taɓa ƙoƙarin haɗa hanyoyin biyu. A 2016 hukumar EEOC mai yaƙi da wariya a wurin aiki ta yanke cewa kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye su riƙa miƙa mata lissafin albashi bisa jinsi da launin fata. Fadar White House ta dakatar da shirin a 2017. Cibiyar lauyoyin kare haƙƙin mata ta NWLC da ke Washington ta shiga kotu, mai shari'a Tanya Chutkan ta ba da umarni a Maris na 2019 a ci gaba, aka tattara na 2017 da 2018, daga nan aka daina. Birtaniya ta bi ta wata hanyar. Tun 2017 duk mai ma'aikata 250 ko fiye yana wallafa giɓin albashinsa a shafin gwamnati inda kowa zai gani, ma'aikaci da ɗan jarida da abokin hamayya. Da aka ga cewa wasu kamfanoni suna wallafa adadi mai muni shekara bayan shekara ba tare da sun motsa ba, gwamnatin jam'iyyar Labour ta sa a cikin ƙudirin haƙƙin ma'aikata da ta gabatar a Oktoban 2024 cewa manyan kamfanoni su riƙa fitar da tsarin aiki a rubuce kan abu biyu: rage giɓin albashi da tallafa wa matan da ke cikin shekarun ɗaukewar al'ada. Wato Birtaniya ta fara da lissafi, ta ɗora tsari a kansa.

Zakaran gwajin dafi: shekarun ɗaukewar al'ada

A nan ne bambancin hanyoyin biyu ke fitowa sarai. Yawancin mata kan daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55, a Amurka matsakaicin yana wajen 51. Alamomin kan fara shekaru kafin nan: zafi mai tasowa farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare da ke hana barci, mantuwa, ciwon gaɓoɓi, ɓacin rai, da jinin da ke zuwa ba a kan ƙa'ida ba. Wasu matan suna wucewa da sauƙi, wasu kuma yana kayar da su. Babban binciken SWAN, wanda ya bi dubban matan Amurka shekara da shekaru, ya bayyana a 2015 cewa ga masu yawan fama da zafin da gumin, matsakaicin daɗewarsa ya kai shekara 7.4, ga baƙar fata kuwa ya zarce shekara 10. Asibitin Mayo ya tambayi mata ma'aikata fiye da 4,400, ya wallafa a 2023 cewa kashi 13 cikin ɗari sun ce abin ya shafi aikinsu, ta hanyar fashi ko rage awoyi ko barin aiki, ya kuma ƙiyasta asarar ranakun aiki a Amurka da dala biliyan 1.8 a shekara.

Wani ɓangare na tarihin wannan wahala a kewayen Washington aka rubuta shi. A Yulin 2002 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda suka tsayar da wani babban gwaji kan maganin mayar da sinadaran jikin mace, saboda an ga ƙarin haɗarin kansar mama da ciwon zuciya da shanyewar jiki. Miliyoyin mata suka ajiye maganin, likitoci da yawa suka daina rubuta shi. Daga baya nazari ya nuna cewa yawancin matan gwajin sun haura sittin, kuma ga wadda ba ta kai sittin ba ko ba ta wuce shekara goma da daina al'ada ba, lissafin amfani da haɗari ya bambanta. A Nuwamban 2025 hukumar FDA mai kula da magunguna, wadda hedikwatarta ke Silver Spring, ta sanar da cire mafi yawan gargaɗin mai tsanani daga jikin waɗannan magunguna. Shawarar sha ko ƙin sha tana hannun mace da likitanta, amma a tsakanin waɗannan shekaru ashirin da 'yan kai mata da yawa sun yi ta zuwa aiki suna haɗiye ciwonsu.

Rubuta albashi a talla ba ya yi wa matar da ke cikin wannan hali komai. Albashinta na iya zama daidai da na kowa har ranar da za ta miƙa takardar ajiye aiki, daga nan ta ɓace daga lissafin gaba ɗaya. Abin da take buƙata ƙanana ne, kuma duk a hannun mai aiki suke: fanka ko wurin zama kusa da taga, ruwan sanyi, kayan aiki da iska ke ratsawa, damar shiga banɗaki ba sai ta nemi izini ba, sassaucin lokacin shigowa bayan daren da ba ta runtsa ba, izinin ganin likita, inshorar da ta ɗauki maganinta, da shugaban da aka koya masa ya saurara ba tare da raini ba. Waɗannan sai a cikin tsarin wurin aiki ake samunsu.

Dokar tarayya ba ta ambaci ɗaukewar al'ada da suna ba. Matar da aka wulaƙanta saboda ita sai ta raɓe da dokar hana wariyar jinsi ta 1964, ko ta shekaru ta 1967, ko ta naƙasa ta 1990. Mai ciki ta samu tata dokar da ta fara aiki a Yunin 2023, wadda ta wajabta a sauƙaƙa mata aiki. A Mayun 2024 'yar fim Halle Berry ta tsaya gaban ginin majalisa tare da Sanata Patty Murray da Sanata Lisa Murkowski suna neman a ware dala miliyan 275 don bincike da horar da likitoci, amma ƙudirin bai zama doka a wancan zango ba. Jihar Rhode Island ce ta fara wajabta wa masu aiki sauƙaƙa wa irin waɗannan mata, a Yunin 2025.

Akwai haɗarin da dole a faɗa. Idan aka rubuta tsarin da ya nuna mace mai shekara hamsin tamkar majinyaciya, wani mai kamfani zai fara gudun ɗaukarta, ita ma za ta gwammace ta yi shiru. Tsari mai kyau shi ne wanda ya buɗe sassaucin ga duk mai larurar lafiya, ya kiyaye sirrin mai nema, ya kuma riƙa ƙirga mata nawa masu waɗannan shekaru ke barin aiki, don a san ko yana amfani.

A ɗora su a sikeli

Ta fuskar biyan aiki ɗaya kuɗi ɗaya, fito da lissafi ya yi rinjaye nesa ba kusa ba, domin yana sa makami a hannun ita ma'aikaciyar tun kafin ta amsa tayin aiki. Ta fuskar ƙarin girma da raino da shekarun ɗaukewar al'ada, tsari ne ke da magani. Ta fuskar tsada, rubuta adadi biyu a talla ba ya cin komai, mai shago da ma'aikaci ɗaya ma zai iya, shi ya sa dokar Washington ta hau kan kowa, alhali tsarin 'yan kwangila ya tsallake ƙananan wurare, inda da yawa daga baƙi mata ke samun aikin farko. Ta fuskar tabbatarwa, gani ya kori ji: adadi ko yana nan ko ba ya nan, amma kyakkyawar niyya a takarda kowa na iya rubuta ta. Ta fuskar daɗewa kuma, abin da Janairun 2025 ya koyar shi ne cewa duk kariyar da ba ta da dokar majalisa a ƙarƙashinta, ranarta ƙidayayya ce.

Mu a gida fa?

Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci biyan albashi daidai ga aiki daidai ba tare da bambancin jinsi ba, kuma ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1974. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi kai tsaye. Aikin gwamnati yana da jadawalinsa daga mataki na 01 zuwa na 17, kuma a can matsalar ta fi ɓuya a ƙarin girma da rabon muƙamai. A makarantun kuɗi da asibitoci masu zaman kansu da shaguna kuwa, a Kano ko Zariya ko Maraɗi, albashi ciniki ne na ɗaki, kuma akwai maganar da malamai mata da yawa suka sha ji: ai ke mijinki ke ciyar da ke, shi kuwa yana da iyali. Wannan hujja ba ta tsayuwa. Albashi ladan aiki ne, kuma a tarbiyyarmu ta addini dukiyar mace tata ce ko da mijinta attajiri ne. Balle ga zawarawa da matan da mazansu suka rasu, waɗanda su ne uwa su ne uba a gidajensu.

Batun ɗaukewar al'ada kuwa kunya ta rufe shi. Malamar da ke tsaye gaban aji cike da yara a zafin watan Afrilu a Sakkwato, ba wuta ba fanka, zafin jiki na taso mata, ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa shugaban makaranta namiji ba. Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, yana buƙatar a sa babbar mace guda a kowace ma'aikata wadda za a iya kai wa irin wannan kuka, a kuma ba ta ikon sassauta jadawali. Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta wata shida a 2019, wanda ya nuna cewa idan hukuma ta so, tana iya gyara aiki ya dace da rayuwar mace.

Hukuncina shi ne, idan dole a zaɓi ɗaya, a zaɓi fito da albashi fili, kuma majalisa ce za ta kafa shi. Shi ne tushe, domin da shi ake gane ko tsarin da kamfani ya rubuta gaskiya ne ko ado. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma matar da ta ba wurin aiki ƙuruciyarta tana da haƙƙin a riƙe ta da mutunci idan ta manyanta. Don haka a ɗora tsari a kan lissafin, bisa sharaɗi uku: a wallafa shi ma'aikata su gani, a sa masa adadi da wa'adi, a kuma kafa shi da dokar da sauyin gwamnati ba zai share ta da alƙalami ɗaya ba.

Ke 'yar'uwa da ke neman aiki a Washington ko Maryland, doka ta ba ki damar ganin albashi kafin ki nema, ta kuma hana a tambaye ki nawa kike ɗauka a baya, ki yi amfani da wannan dama. Kai kuma mai makaranta ko asibiti ko kamfani a gida, kada ka jira majalisa. Buɗe littafin albashinka yau, jera sunayen maza da mata masu aiki iri ɗaya, in ka ga bambancin da ba za ka iya kare shi a gabansu ba, ka gyara shi kafin ƙarshen wata.